Ƙibar Allura

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Mun dawo daga Rabah, wajen sunan jikan Gwaggo Ladidi. Da na sani da na ce kaina ke ciwo.

Tun daga shiri abin ya ɓaci. Atamfar da anka ɗinka mini ta ƙaramar Salla ta ƙi rufuwa ta baya. Inna ta ja zif, ta ja, ta ce in riƙe numfashi. Ɗinkin da ko wata bai cika ba! Ƙarshe da fil ta kama rigar, na lulluɓe da mayafi cikin wanga zafi ina ta zufa.

Tsakar gidan suna cike da mata. Na durƙusa na gaida Gwaggo. Yayar Baba ce, ita ta goye shi, shi ya sa ba mai musa mata a gidanmu. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta kama hannuna ta miƙar da ni tsaye, ta juya ni kamar akuyar sayarwa a kasuwar Achida. Sannan ta ɗora tafin hannunta a cikina, daidai inda ya kumbura.

Ta kira Inna da sunanta. "Asabe, wagga ɗiya taki mi taka ci?"

Inna ta yi dariyar yaƙe. "Allura ta, Yaya. Likita ta ƙara mata."

"Allura," in ji Gwaggo. Ta sake cewa, "Allura." Can sai wata cikin matan ta tuntsire da dariya.

Shekara huɗu ke nan ina soka wa kaina insulin safe da yamma. Ina 'yar sha ɗaya ciwon suga ya kama ni, na rame har anka ce mayu ne, kuma Gwaggon ga ce ta zo da hayaƙi ta turara ni har na shiɗe. Yanzu na yi ƙiba, ita ce dai. Ban san girman da zan tsaya a kai ta ƙyale ni ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Gwaggo ta bugo wa Inna. Wayar Inna sai an saka ta a lasifika ake ji, don haka har kajin gidan sun saurara.

"Azumi duka gidanku niy yi shi, Asabe, kuma ina kallo. Azumi ba ta yi, kun ce likita ta hana. To salla fa? Ko rana guda ban ga ta aje salla ba. Ɗiya budurwa, wata guda cur? Ke uwa ta, ki yi tunani."

Inna ta san amsa. Tun kafin azumi abin ya ɗauke mini, na faɗa mata, ta ce mu bari sai mun koma asibiti Sakkwato mu tambaya. Dama haka yake yi mini, ya zo ya ɓace. Ta sani sarai. Amma sai na ji ta ce, "To, Yaya. To."

To mi?

Ta shigo ɗaki ta iske ni ina ninke kaya. Ta tsaya tana kallona daga wuya zuwa gwiwa. Uwata. Na ce, "Inna, mi kinka gani?" Ta ce, "Ba komi." Ta fita.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Baba ya dawo daga rumfar albasa ya kira ni zaure. Bai ce in zauna ba.

"Daga yau kada in sake jin an gan ki shagon Nasrullahi."

"Baba, allurata na cikin firjinai."

"Na ɗauko ta." Ya tura mini baƙar leda da ƙafa.

Gidanmu ba wuta. Malam Nasrullahi mai kemis yana da firji mai aiki da hasken rana, shi ke aje mini kwalaben, in wadda nake amfani da ita ta ƙare in je in karɓo wata, in sayi tsinken awon suga. Baba da kansa ya roƙe shi wanga taimako. Mutumin da gemunsa ya fara fari, wanda ke ce mini "ɗiyata". Mahaifin Ummu ne, Ummukulthum ƙawata, da muke benci ɗaya tun firamare.

Sai yanzu na gane ba jikina kawai sunka auna ba. Har sun samo wa abin uba.

Na tono tsohon tulu na zuba yashi, na jiƙa, na binne kwalaben ciki.

Kalmar da suke nufi ba zan rubuta ta ba. Abin haushin, sunanta ɗaya da wurin da nake soka allura.

Laraba, 30 ga Afrilu, da yamma

Ummu ta koma bencin baya.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Na tare ta a bayan ajinmu da anka tashi.

Ta ce, "Sake mini hijabi, Kamila."

Na ce, "Sai kin gaya mini mi niy yi miki."

Idonta ya yi ja. Ta ce mamarta ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Wata mata ta zo sayen maganin tari ta ce wa babanta, a gaban mutane, ya ji tsoron Allah da ɗiyan jama'a. Jiya bai buɗe shago ba.

Na ce, "Ke kin yarda?"

"Ban yarda ba. Wallahi ban yarda ba." Ta share hanci. "Amma ki dubi jikinki mana. Bara kayanmu guda muka sawa. In sun tambaye ni, mi zan ce musu?"

Na dawo gida na rufe ɗaki na duba. Ƙugu, cinya, ƙirji, duk ba nawa ba. Gefen cibiya gudaji biyu masu tauri, nan nake soka allura kullum don nan ne ba ya zafi. Ba ni na roƙi wanga jiki ba. Tuwon da kowa ke ci cokali-cokali nake aunawa. Rabona da rake tun ina firamare. Ƙanwata Maiturare tana shan hura da suga a gabana, ga ta nan kamar karan dawa. Ni da nake ƙirga loma, ni ce mai ƙiba. Duk sanda likita ta ƙara allura sai yunwa ta ƙaru, sai zane ya ƙara matsewa.

Su dubi jikina. To za su gani.

Na san yadda ake ramewa. Jikina ya taɓa yi.

Asabar, 3 ga Mayu, kafin magariba

Inna ta ce, "Kin yi allura?" Na ce na yi.

Lahadi, 4 ga Mayu, kafin magariba

Na ce na yi.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ba ta iya kallon allura na shiga fata, tun farko haka take. Ina zuƙo ruwan a gabanta, ta gani da idonta, in shige bayan labule, in fito da sirinji babu komi ciki. Ta ce Allah shi yi albarka.

Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ɗaki, bayan akwatina, da ya fara warin asibiti. Na rufe shi da tsumma.

Allurar safe ina yi. Ba duka ba.

Baba ya daina cewa in kawo masa ruwan alwala. Maiturare yake kira. Yau ta tafi islamiyya, ya leƙo, ya gan ni zaune kusa da buta, ya ɗauka da kansa.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Ƙishirwa. Na sha moɗa uku a tsaye, harshena kamar takarda. A aji na ɗaga hannu neman izinin fita har Malama ta ce, "Kamila, ke kam lahiya?" 'Yan baya sunka fara ƙus-ƙus. Na ji wata ta ce yayarta ma haka ta yi ta yawan fitsari a farko.

A farkon mi? Ta faɗa mana, in ta isa.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Atamfar Salla ta rufu. Ba fil, ba riƙe numfashi.

Na saka ta na fito tsakar gida na yi shara da ita, na ɗebo ruwa da ita, na zauna inda kowa zai wuce. Jiri na ɗibata amma na zauna. Inna ta dube ni ta ce, "Kin faɗa fa, idonki ya zurma." Ta kira makwabciyarmu ta gani. Ina ji ta katanga matar na cewa, "Ai wasu haka suka yi, su rame kahin abin shi hito."

In yi ƙiba, shi ne. In rame, shi ne.

Na koma ɗaki na cire rigar na jefa ta bayan gado.

Litinin, 12 ga Mayu, da rana

Na yi amai a layin taron safe. Gaban makaranta duka, ana tsakiyar taken ƙasa.

Ba wadda ta riƙe ni. Sun buɗe fili kamar an ga maciji. Ummu ta yi taku ɗaya wajena, wata ta ja hijabinta, ta tsaya.

Malama ta ce in tafi gida in huta, kuma a ce wa mahaifina tana son ganinsa. Ta faɗa a hankali, da tausayi. Tausayin ne ya fi ƙona ni.

Na'urar awon suga na cikin jaka. Ban taɓa ta ba. Na san abin da za ta ce.

Talata, 13 ga Mayu

Na ce na yi.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta wanga duka don kada wata rana wani ya ce mini ba haka anka yi ba.

Gwaggo Ladidi ta zo daga Rabah da hantsi, tare da wata tsohuwa. Ungozoma ce daga Rara. Ba ta ɗauko ta nan Wurno ba, wai don a rufa asiri. Asirin da ita ta buɗe a gidan suna.

Sunka shigo ɗaki, Gwaggo ta saki labule ta ce in kwanta.

Na ce, "Ba ni kwantawa."

"Asabe, riƙe ta."

Inna ta riƙe ni. Tana kuka, amma ta riƙe. Hawayenta na ɗiga a goshina, hannayenta na danne kafaɗuna. Tsohuwar ta ɗaga rigata ta shafa man kaɗe a hannu ta fara dannawa. Dama wurin na murɗa mini tun jiya. Na ciji leɓe har na ji gishiri, don na rantse ba za su ji muryata ba.

Gwaggo ta ce, "Wata nawa?"

Tsohuwar ta ce, "Ni kam na ji gudaji nan gehen cibiya. Ban iya cewa e, ban iya cewa a'a. Amma ɗiyar ga ba ta da lahiya. Ku kai ta asibiti."

Gwaggo ta fita ta gaya wa Baba rabin farko.

Ina jin su a zaure. Baba ya ce asibitin Wurno ba wanda bai san shi ba, kafin mu dawo gari ya ɗauka. Gwaggo ta ce a kai ni Goronyo wurin Kaka Sabuwa, mahaifiyar Inna, har a ga abin da Allah zai yi.

Na fito ko ɗankwali babu. Ban taɓa tsayawa gaban Baba haka ba.

Na ce, "Baba, kowa an tambaya. An tambayi Gwaggo, an tambayi Inna, an ɗauko tsohuwa daga Rara. Ni ga ni. Ka tambaye ni."

Ya dubi tabarma.

"Ka tambaye ni, Baba!"

Ya ce, "Je ki rufe kanki."

Alhamis, 15 ga Mayu, Goronyo, da yamma

Inna ta kawo ni ta koma. Da za ta tafi ta ce, "Ki riƙa yin allurarki kan lokaci." Na ce to. Na iya cewa to, a wurinta na koya.

Kaka tana suyar kifi a bakin hanyar madatsar ruwa. Idonta ya yi rauni, da hannu take gane kifi ya soyu. Ta shafa fuskata ta ce, "Wa ya cinye mini ke?" Na ce, "Kaka, ba su gaya miki ba?" Ta ce, "Sun yi ta surutu, ni kunnena ya tsuhwa. Zauna ki ci kihi."

Na kasa ci. Na so in ci don ita.

Juma'a, 16 ga Mayu, da rana

A nan ba labule, ba mai tambaya. Kwalbar na cikin jaka inda Inna ta saka ta.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Na lallaɓa na zauna inda ake hango ruwan. Ruwa har iyakar ido, masunta na ja da koma, ni kuma maƙogwarona kamar an zuba toka. Duk abin da na sha sai ya dawo.

Zoben da Ummu ta ba ni ya zame daga yatsa da kansa. Na rame ƙwarai yanzu. Ba wanda zai gani sai Kaka, ita kuma ba ta gani.

Wa nake yi wa ke nan?

Su zo su gani mana. Su zo.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Na soki yatsa. Na'urar ta ƙi ba da lamba, haruffa biyu kawai ta nuna, alamar suga ya wuce abin da take iya aunawa.

Kaka ta ce bakina na warin mangwaron da ya wuce nuna. Ta ce mi ya sa nake nishi kamar na yi gudu.

Zan yi allurar in na tashi. Bari in ɗan kwanta. Hannuna ba ya

Asabar, 24 ga Mayu, asibiti, Sakkwato, da rana

Inna ce ta kawo mini littafin ga cikin kayana. Ta ce ba ta buɗe ba. Ba ta iya karatun boko ba, don haka na yarda.

Abin da anka gaya mini: Kaka ta tashe ni sallar azahar na ƙi tashi. Ta fita titi ba takalmi tana kururuwa har mai motar kifi ya tsaya. A Goronyo sunka saka mini ruwa sunka ce a wuce da ni Sakkwato. Na kwana biyu ban san inda nake ba. Inna ta ce likita ta ce da an kai la'asar, da wani zance ake yi.

Hannuna duk huda. Inna na kwana a ƙasa kusa da gadona. In ta taɓa kafaɗata sai jikina ya ƙanƙame da kansa. Ta lura. Ta daina.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Dakta Halimatussa'adiya, likitar da ke duba ni tun farkon ciwon, ta zo ta ja labule ta zauna bakin gado.

Ta ce, "Akwai awon da munka yi miki, ya kamata ki sani tunda jikinki ne. Duk macen da anka kawo tana amai muna yi. Babu komi."

Na ce, "Na san babu."

"Na san kin sani."

"Wani ya ce a yi?"

Ta ce, "Mahaifinki ya tambaya."

"Yaushe? Bayan na farka?"

Ta gyara robar ruwan da ba abin da ya same ta.

Ina kwance ba a san ko zan tashi ba, abin da ya tambaya ke nan.

Daga nan ta ce, "Yanzu ni ma ina da tambaya. Inna ta kawo mini kwalbar da ke jakarki." Ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ita ce ta farko da ta tambaye ni wani abu ta jira amsa. Abin da na gaya mata tsakanina da ita ne.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

Ta tara su, Baba da Inna, a gabana. Baba ya tsaya bakin labule da hula a hannu.

Ta ce idan yaro ya kai shekarun balaga, jikinsa na fitar da sinadaran girma, su kuma suna hana insulin aiki sosai. Dole a ƙara allura. Allurar na sa jiki ya adana kitse, kuma ga 'ya mace abin ya fi yawa, a ƙugu da cinya da gaba. Ta ce haka take gani ga 'yan mata da yawa masu irin ciwona. In suga bai daidaita ba, al'ada na iya ɗaukewa watanni. Gudajin kuma kitse ne da ya taru don ana soka wuri ɗaya.

Inna ta ce, "Wayyo, da mun sani."

Likita ta ce, "Lambata na jikin katinta, Hajiya."

Ta juya wajen Baba. "Malam Mode, ɗiyarka ta gwammace ta bar maganin da ke riƙe da ranta da ta ci gaba da jin abin da ake faɗa. Ba ciwon ne ya kawo ta nan ba."

Baba ya murɗa hular nan har na zaci za ta yage.

Da sunka fita na ce, "Dakta, in na koma yin allura daidai, ƙibar za ta dawo?"

Ta ce, "Wata daga ciki za ta dawo. Ba zan yi miki ƙarya ba. Za mu gyara abinci, ki riƙa tafiya da motsa jiki, mu canza wurin suka, gudajin za su sace a hankali. Amma jikin 'yar sha ɗaya ya tafi, Kamila. Wannan ramar da kike gani ba lafiya ba ce, jikinki ne ke cin kansa."

Na juya wa bango fuska. Na so ta yi mini ƙarya. Kuma da ta yi, da na tsane ta.

Talata, 27 ga Mayu, lokacin dubiya

Gwaggo Ladidi ta zo da kwanon farfesu da lemun kwalba. Lemun kwalba! Shekara huɗu.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba komi. Ni dama ban ce ga abin da ad da akwai ba. Kula niy yi, ɗiyar ƙanena ta. Wanda bai damu da kai ba ai ba shi magana."

Inna ta ce, "Kamila, Gwaggo na gaishe ki."

Na ce, "Gwaggo, gidan suna mata nawa ne?"

"Mi?"

"Waɗanda sunka ji. Za ki bi su gida-gida ki ce ashe ba komi?"

Inna ta ce, "Ke!" Gwaggo ta ce ciwo ne ke sa ni, a ƙyale ni. Ta tashi ta gyara mayafi. Ta bar lemun. Na ba matar gadon kusa.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Saƙo daga Ummu a wayar Inna: "Sannu."

Na rubuta amsa mai tsawo na goge. Na sake rubutawa na goge.

Alhamis, 29 ga Mayu, Wurno, bayan la'asar

An sallame mu.

Inna ta ce Baba ya tafi shagon Malam Nasrullahi jiya, ya ba shi haƙuri a gaban masu sayen magani, ya maida kwalabena firji. Tana faɗa tana kallona, wai in ji daɗi.

Ashe ya iya ba da haƙuri. Namijin da zai ba haƙurin ne dai bai samu ba a gida.

Mata na ta shigowa sannu. Kowace sai ta ce ita dama ba ta yarda ba. In duk ba su yarda ba, ban san wa ya yi ta yaɗawa ba. Aljanu ne ƙila.

Litinin zan koma makaranta. Inna ta ce in bari sai bayan babbar Salla. Na ce Litinin.

Juma'a, 30 ga Mayu, da safe

Likita ta kafa sharaɗi kafin ta sallame ni: har zuwa ranar komawa, ba ni zan yi wa kaina allura ba. Wani babba zai yi, da hannunsa, kullum. Inna ta ce ita ba ta iyawa. Ban san yadda sunka ƙare ba, ban tambaya ba.

Yau da na idar da salla na ji sallama a ƙofar ɗakinmu. Baba. Rabonsa da ƙofar ga tun ina ƙarama. Yana riƙe da sirinji kamar wanda anka ba jariri. Maiturare ta ce tun jiya yake zaune a zaure yana soka wa lemun zaƙi, wai haka ma'aikaciyar jinya ta koya masa.

Ya ce, "An ce a hannu yau."

Na naɗe hannun riga. Ban dube shi ba.

Ya durƙusa. Baba, a gabana. Ya ɗaga sirinjin wajen haske yana duba layukan, leɓensa na motsi. Ya tsuke fatar da yatsunsa masu kaushi. Allurar ta karce ni kafin ta shiga, kuma ya tura da sauri fiye da yadda ya kamata. Jini ya ɗan fito. Ya danne da auduga ya ƙi ɗagawa.

Na ce, "Ka ji mini ciwo."

Ya ce, "Na sani."

Bai ɗago kai ba. Audugar ta daɗe da gama aikinta, yana nan riƙe da hannuna. Ya sake cewa, "Na sani, Kamila."

Ban ce na yafe ba. Bai roƙa ba, ni ma ban shirya ba.

Da ya kai ƙofa na ce, "Ta yamma kafin magariba ce. Kada ka makara."